Taron 'Yan Kasuwa da Batun Kotu: Ina Mai Bin Bashi Zai Dosa?

Kusan duk wata kasuwar kan iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa har Magarya, ba a rasa ƙungiyar taimakon kai da kai. Ana haɗuwa a rumfar shugaba bayan la'asar, a karɓi kuɗin wata, a yi maganar sharar kasuwa da gudummawar wanda gobara ta shafa. To amma da wuya a tashi taro ba a kawo ƙarar bashi ba. Wani ya ba da buhunan wake an haye da su Jibiya, wata shida shiru. A nan ne ake ganin yawancinmu ba mu san ƙofar da ake bugawa ba, sai a ce a tafi wurin jandarma.

Ya kamata a sani cewa jandarma da 'yan sanda aikinsu binciken laifi ne, kamar sata da zamba. Bashin ciniki kuwa alƙali ne ke yanke shi.

A Nijar, matakin farko shi ne sulhu. Doka ta ba sarakunan gargajiya, tun daga mai gari har sarki, ikon sasanta mutane, a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. Sarki ba ya yanke hukunci irin na alƙali, saboda haka idan an kasa daidaitawa sai a wuce gaba.

Tsarin kotunan yana cikin dokar 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004. A ƙasa akwai ƙananan kotuna a manyan garuruwan gundumomi, irin su Madarunfa da Magarya, masu duba ƙananan basussuka da maganar aure, gado da gona. A shari'ar al'ada, alƙali kan zauna da dattawa masana al'adar masu shari'ar. Sama da su akwai manyan kotuna a cibiyoyin jihohi kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, sannan Ƙonni da Arlit su ma suna da nasu. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara, irin ta Yamai ko ta Damagaram. A Yamai kuma akwai kotu ta musamman don rikicin kasuwanci.

Dokar ciniki da waɗannan kotuna ke aiki da ita ta OHADA ce, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda ta haɗa ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Cadi da Kamaru. Kotunta ta ƙoli tana Abijan. Abu uku a cikinta sun shafi aljihun ɗan kasuwa kai tsaye.

Na farko, tsakanin 'yan kasuwa ana karɓar kowace irin hujja: rasit, littafin shago, shaidu, har da saƙon waya. Na biyu, bashi yana da wa'adi. Rikicin sayar da kaya tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne, sauran basussukan ciniki galibi shekara 5. Wanda ya yi ta kawaici har wa'adi ya wuce, abokin shari'arsa na iya fakewa da wannan ya tsira. Na uku, akwai gajeriyar hanya: idan bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biya kuma ya yi, mai bin bashi na iya kai takardunsa ga shugaban kotu ya nemi umarnin biya. Tun gyaran da ya fara aiki a 2024, wanda ake bi yana da kwana 10 ya yi jayayya bayan an miƙa masa takardar.

Sai dai Najeriya ba ta cikin OHADA. A Katsina, Sakkwato da Jigawa akwai kotunan shari'ar Musulunci, da na majistare, da babbar kotun jiha, kowace da iyakar hurumin da doka ta ba ta. A ƙa'ida, mai ƙara shi ke bin wanda yake ƙara zuwa inda yake zaune. Idan wanda ake bi mutumin Illela ne kuma dukiyarsa tana can, hukuncin Ƙonni ba zai hau kansa kai tsaye ba, sai an kai shi gaban kotun can ta amince. Wannan na cin kuɗi da lokaci, wani lokaci fiye da bashin kansa.

Shi ya sa rigakafi ya fi magani, kuma ƙungiyoyin kasuwa ne suka fi kowa iya yin sa. Su ajiye littafi guda a hannun magatakarda, duk kayan da za su ƙetare iyaka bashi a rubuta sunan mai karɓa da garinsu, yawan kaya, kuɗin ko sefa ne ko naira, ranar biya, da shaidu biyu. Batun sefa da naira kada a raina shi, domin canji na iya juyawa kafin ranar biya, a koma ana musu kan abin da aka yi alkawari. Su nemi mai tsaya wa baƙo a wannan ɓangaren, kamar yadda fatoma ke yi tun zamanin fatake. Su kuma ƙulla zumunci da takwarorinsu na ƙetare, don a riƙa sulhu kafin magana ta yi tsami.

Haka nan ba laifi a ware zama guda a shekara, a gayyato alƙali ko lauya ya yi wa membobi bayani da Hausa, kowa ya yi tambayarsa. Kuɗin shayin wannan zama bai kai na buhun wake ɗaya da aka haye da shi ba a dawo ba.