Ciwon Ma'aikaci Amana Ne

Ya ƴan uwa Musulmi, ma'aikacin da ya kai wa shugabansa takardar likita daga Galmi ko Birnin Konni, amana ce ya damƙa masa. Sau da yawa a watan azumi ake tona irin wannan asiri: a ga mutum ya sha ruwa da rana bisa rangwamen da Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya, sai mai ajiyar takardu ya faɗi sunan ciwonsa, kafin magariba zance ya isa kasuwar Badagishiri.

Idan haka ta auku, wajibi ne shugaba ya tsayar da maganar, ya killace takardun, sannan ya sanar da mai ciwon abin da ya fita da waɗanda suka ji. Wanda ya tona kuwa ya nemi yafiyarsa, domin istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin ɗan Adam. In an rage wa ma'aikacin albashi ko matsayi saboda zancen, a mayar masa.

Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane da giba. Tun 2017 kuma dokar Nijar ta kare bayanan mutum, har da na lafiyarsa, don haka wanda aka cuta yana da damar kai ƙara.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.