Fitila a Motar Kara: Darasin Lantarki a Hannun Yara

A karkarar Karaye da Rogo, kamar Unguwar Hajji, da zarar an yi girbi yara kan fere karan dawa su ƙera mota ko gida. Masu hikima kan liƙa ƙwan tocila domin abin ya haska da dare. Wannan wasa darasin kimiyya ne.

Wutar lantarki ba ta gudana sai hanyarta ta zagayo, wato daga kan batir ta bi waya, ta ratsa ƙwan, ta komo gindin batir. Ko'ina aka yanke, haske ya ɗauke. Aikin makunni ke nan. Batirin tocila ɗaya yana ba da bolt 1.5, biyu a jere kuwa bolt 3.

Ƙaramin ƙwan LED ya fi dacewa, domin ba ya zafin da zai ƙona kara. Nick Holonyak ne ya ƙera jansa a Amurka a 1962. Farinsa yana aiki da batir biyu, amma sai an haɗa doguwar ƙafarsa da gefen da ke da alamar +. Da wannan, ɗalibai za su iya haska siffar madatsar ruwan Challawa da suka gina da yumɓu.

Sai dai a yi hattara da batir mai kama da maɓalli. Idan ya maƙale a maƙoshin yaro, wutarsa kan mai da yawu sinadari mai cin nama, har ya yi mummunar ƙuna cikin sa'o'i biyu. Wanda ya haɗiye shi, a garzaya da shi asibiti nan take.