Aikin ƙashi: Dalilin da ya sa likita ke tambayar suga da hawan jini kafin ya taɓa ƙafa

Uwargida, a ce mahaifiyarki ta shekara biyu tana fama da gwiwa, sallah ma sai a zaune. An yi ta zirga-zirga har aka samu ranar aiki, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka haɗa kuɗin, ke kuma kin bar yara wajen ƙanwarki kin tare a asibiti da tabarma da filas. Ana gobe za a shiga da ita, sai likita ya duba takardun gwaji ya ce a koma gida, suga ya yi sama, a dawo bayan wata biyu. Dole ranki ya ɓaci. A nan ne wasu ke cewa an raina musu hankali, su ɗauki mara lafiya su nufi inda za a yi aikin ba tambaya.

Ki daure ki saurari likitan, domin wannan ɗagawar na iya zama sanadin tsira da ƙafar. Abin da likita ke yi shi ne ya jera ƙashi, ya ɗaure shi da ƙarfe, ya ɗinke fata. Haɗewar ƙashin da warkewar raunin kuwa aikin jiki ne, kuma da jini yake yin sa: jini ke kai iska da abinci da dakarun yaƙi da ƙwayoyin cuta zuwa wurin. Duk ciwon da ya taɓa jini, ko jijiyoyinsa, ko zuciyar da ke harba shi, ya taɓa sakamakon aikin.

Ciwon suga

Idan suga ya yi yawa a jini, garkuwar jiki tana yin sanyi, rauni ya daɗe bai kame ba, ƙashi ma ya yi jinkirin haɗewa. A aikin ƙashi abin ya fi haɗari saboda ƙarfen da ake sakawa. Ƙarfe ba shi da jini, don haka idan ƙwayoyin cuta suka manne masa sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. Wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata an wanke wurin, ko ma an cire ƙarfen gaba ɗaya. Kin ga kuɗi biyu ke nan, wahala biyu.

Shi ya sa likitoci ba sa tsayawa ga gwajin tsinin yatsa na safiyar ranar. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ƙaurace wa lemon kwalba na kwana uku ba ya ruɗar sa. Idan ya haura 8 cikin 100 sosai, likitoci da yawa kan ɗaga aikin da ba na gaggawa ba har sai ya sauko. Ki kuma tambayi yadda za a yi da ƙwayoyin suga ko allurar insulin a ranar aiki, tunda za a hana mara lafiya cin abinci na sa'o'i.

Hawan jini, zuciya da ƙoda

Babban aiki kamar canjin gwiwa ko ƙugu nauyi ne a kan zuciya: ga allurar barci, ga zubar jini, ga zafin ciwo. Wanda jininsa ya daɗe a sama ba magani ya fi shiga haɗarin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a lokacin aiki da kwanakin bayansa. Idan awo ya kai 180 bisa 110, galibi akan dakata a sauko da shi tukuna. Mai hawan jinin da ke shan maganinsa kullum kuwa, yawanci aikinsa na tafiya lafiya lau.

Ƙoda ma ana duba ta, domin suga da hawan jini suna cin ta a ɓoye. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda iyayenmu masu ciwon gwiwa kan yi shekaru suna saye a kemis. Suna raunana ƙoda, suna kawo gyambon ciki. Idan Hajiya tana shan su, ki faɗa, ki faɗi tun yaushe.

Sikila

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma ciwon yana yawan kai matasa ga likitan ƙashi. Jinin da ya lanƙwashe kan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, sai wurin ya mutu ya lotsa. Yaro ya fara ɗingishi, yana kukan ciwo a matsematsi ko a gwiwa. Ana yi wa irinsu aiki a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, amma da shiri na musamman.

Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iska su ne ke tayar da ciwon, kuma tiyata na iya haɗa ukun lokaci guda. Don haka akan sa ƙarin ruwa, a ɗumama jiki, a ba da iska, sau da yawa a yi ƙarin jini tun kafin aiki. Bayan an fito, ki sa ido a kwanakin farko. Zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take, ko da tsakar dare ne.

Ƙarancin jini

Wannan ya fi shafar mu mata, saboda al'ada da haihuwa a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar macen da ba ta da ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon haemoglobin ɗinta ya gaza 12, namiji kuma 13. Wadda ta shiga aiki da jini kaɗan ta fi buƙatar ƙari, ta fi daɗewa kafin ta samu ƙarfin miƙewa. Idan an gano da wuri, makonni na maganin ƙarin jini tare da hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo kan taimaka ƙwarai.

Abubuwan da ake jin kunyar faɗa

Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe galibi suna ɗauke da dexamethasone, wasu mayukan bilicin ma suna da 'yan'uwansa. Daɗewa ana amfani da su yana sa ƙashi ya yi rauni, fata ta yi siriri, suga ya hau, rauni ya ƙi warkewa. Jiki kan kuma daina samar da nasa sinadarin, ta yadda jini zai iya faɗuwa ana tsakiyar aiki idan likita bai sani ba. Kada ki daina su dare ɗaya, ki faɗa a tsara miki.

Haka ƙwayoyin tazarar haihuwa masu haɗin sinadari biyu suna ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, shi ya sa akan dakatar da su kamar mako 4 kafin babban aiki, a ba ki wata hanyar. Idan kina zargin ciki, ki faɗa kafin a ɗauki hoton ƙashi. Aspirin, warfarin, jiƙe-jiƙe da maganin gargajiya, maganin HIV ko na tarin fuka, duk a ambata. Idan maigida ne za a yi wa aikin kuma yana shan taba ko shisha, barin ta mako 4 kafin ranar yana rage matsalar huhu da ta rauni. Ƙiba mai yawa ma tana ƙara haɗarin ruɓewar rauni.

Idan karaya ce

Duk jinkirin da muka ambata na aikin da aka tsara ne. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu ba a jiran wata biyu da ita. A irin wannan, likitoci suna son a daidaita suga da jini cikin gaggawa a yi aikin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin kwanciya ce ke kawo ciwon huhu, gyambon baya da daskarewar jini. Mai suga da ya karye kuma, ɗaurin ɗori mai tsanani haɗari ne a gare shi: jini ba ya isa ƙafarsa sosai, yana iya kuma kasa jin zafin da zai gargaɗe shi har naman ya mutu.

Aikinki a matsayin mai jinya

Ki zuba duk magungunan da mara lafiya ke sha a leda ɗaya, har da na kemis da na gargajiya, ki ajiye a gaban likita. Ki tambaye shi wanne za a ci gaba, wanne za a tsayar, kuma daga wace rana. Bayan aiki, kada tausayi ya sa ki hana a tayar da ita tafiya ko a kai ta gashi, motsin nan magani ne. Idan kun koma gida, ki koma asibiti da gaggawa in kin ga ruwa ko mugunya na fita daga ɗinki, zazzaɓi, kumburi da zafi a sha-raɓa ɗaya, ruɗewa, ko sarƙewar numfashi.

Masu suga da hawan jini da sikila da yawa an yi musu aikin ƙashi sun taka da ƙafafunsu, wasu har sun yi ɗawafi. Abin da ya taimake su shi ne likita ya san komai tun kafin ya ɗauki wuƙa, kuma a yawancin gidaje ke ce kika san abin da kowa ke sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.