Idan Kaya Ya Faɗo Daga Bishiya: Yadda Maharbi Zai Ɗauko Shi Lafiya

Masu fita farauta daga Birnin Zariya, ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, ba duka ke bin sawun nama da karnuka ba. Akwai maharbin da ke hawa tsamiya ko kanya kusa da mashaya, ya yi kwanto har tsakar dare yana jiran gada. A irin wannan zama ne wuƙa ko tocila, wani lokaci ma bindigar kanta, kan kuɓuce ta faɗi ƙasa.

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya sauka ya ɗauko. A nan hatsarin yake. Sauka cikin duhu bayan ƙafa ta yi sanyi kan jawo zamewa, kuma gindin bishiya wurin kwanciyar kububuwa ne da kasa. A Amurka, inda ake kafa kujeru na musamman a kan itatuwa domin harbin barewa, faɗowa na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarauta. Shi ya sa ake koya musu su ɗaure jikinsu da bishiyar, su hau hannu wofi, sannan su jawo kaya da igiya.

Dabarar ba ta da tsada: doguwar igiya da ƙugiya a bakinta domin jaka ko hula, da ɗan maganaɗisu domin wuƙa. Wanda ya ɗaure tocilarsa a wuya tun daga ƙasa ma ya huta.

Bindiga ce matsalar. Ƙa'idar Amurkawa ita ce a cire harsashi kafin a jawo ta sama, amma bindigar toka ta baki ake ɗura mata albarushi, ba a zazzage shi cikin sauƙi. Idan ta faɗi da kunama a ɗane, tana iya tashi nan take. Idan ba ta tashi ba, kada a kuskura a ƙugiyo ta, domin ƙugiya na iya kama kunamar alhali bakin na duban sama, wato inda maharbin yake zaune. Gara ya haƙura da naman daren, ya sauko a tsanake, ya nufo ta daga wajen gindinta. Haka kibiya mai dafin kwankwani: ba a lalubar ta cikin ciyawa da hannu, sai gari ya waye.

Yau kuma akwai ƙarin dalili. A dazukan Giwa da Birnin Gwari, ƙarar bindiga ko hasken tocila na iya kiran 'yan bindiga, kuma wanda ya karye a can tafiya ce mai nisa kafin ya isa asibitin koyarwa na Shika. A ganina, 'yan siyasar da ke tuna mafarauta duk lokacin da ake neman masu shiga daji domin tsaro, ya kamata a tambaye su nawa suka ware domin horar da su da kuma jinyarsu.