Da Aka Hana Babban Likita Magana

Kamar yadda tsiro yakan fito daga iri, haka jini da tsoka sukan fito daga ƙwayoyin asali na jiki. Masana suna bincikensu don neman maganin ciwon sukari da shanyewar jiki. Amma waɗansu daga ɗan tayi ake ɗebo su, tayin kuwa ya lalace. Saboda haka a 2001 Shugaba Bush na Amurka ya taƙaita kuɗin gwamnati ga binciken.

A 2007 Dokta Richard Carmona, tsohon babban likitan gwamnati, ya shaida wa majalisa cewa an hana shi bayyana wa jama'a al'amarin. Shugaba Obama ya sassauta ƙa'idar a 2009.

Jama'a, in an rufe bakin likita, wa zai faɗa wa talaka gaskiya?