Daren da Jama'a Ta Koma Jama&#39;a

Bayan sallar isha'i kawuna ya kira ni, daga jin muryarsa na san akwai magana. Shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu, ni kuma na haɗa musu ɗan shafin intanet da suke sa sanarwar taro, ɗaurin aure da rasuwa. Ya ce, "Kai, wane yare ka koya wa abin nan naka? Na rubuta jama'a, ya fito mini da lissafi." Na buɗe shafin a waya, sai ga shi ɓaro-ɓaro: Ana gayyatar jama&#39;a da &#39;yan uwa zuwa addu&#39;ar bakwai. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, laifina ne ba naku ba. In sha Allahu zuwa safiya zan gyara." Ya ce gara dai in hanzarta, don wani dattijo ya riga ya tambaye shi ko talatin da tara ɗin kuɗin gudummawa ne.

Duk mai karanta labaran Hausa a waya ya taɓa cin karo da wannan tarkace. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce. Wata tsohuwar dabara ce da ya kamata ta yi aikinta a ɓoye, sai asirinta ya tonu.

Ka tuna shifta a firamare. Malam yana karantawa: "Binta ta sayo gyaɗa da aya, aya." Yaro mai wayo ya san ta farko abar taunawa ce, ta biyu kuwa ɗigon ƙarshen jimla. Kwamfuta ba ta da wannan wayon. Shafin intanet rubutu ne zalla, amma a cikinsa an cakuɗa iri biyu: zancen da ake so ka karanta, da umarnin da ake ba burauza kan yadda za ta tsara shi. Umarnin yana farawa da alamar < ya ƙare da >. In aka rubuta <b>Sanarwa</b>, burauza za ta nuna kalmar da kauri, ta haɗiye sauran. To, malamin lissafi da ke son rubuta 3 < 5 fa? Ta ina na'ura za ta gane wannan alamar zance ce, ba buɗe umarni ba?

Maganin da aka samo shi ne a sakaya alamar, a kira ta da laƙabi maimakon a rubuta ta. Laƙabin yana farawa da & ya ƙare da waƙafi mai ruwa. Dabarar ta girmi shafukan intanet: tana cikin SGML, tsarin da Charles Goldfarb na kamfanin IBM ya jagoranci samarwa, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 1986. Daga can Tim Berners-Lee ya ɗauko ta lokacin da ya ƙirƙiro HTML a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, sannan XML da ya fito a 1998 ya gaje ta. XML ya zo da laƙabi biyar kacal: &lt; a madadin <, &gt; a madadin >, &quot; da &apos; a madadin alamomin zance mai biyu da mai ɗaya, sai &amp; a madadin ita kanta &. Wannan ta ƙarshen dole ce, tunda an ba & aikin buɗe laƙabi, ita ma ba ta da damar fitowa tsirara. Ban da laƙabi na suna, ana iya kiran kowane harafi da lambarsa a jadawalin Unicode. Lamba ta 39 ita ce ɗan waƙafin saman nan da muke rubuta alhamza da shi.

A nan ne abin ya fi shafar mu. A Ingilishi wannan alamar ta ƙa'idar rubutu ce, tana fitowa jefi-jefi. A Hausa kuwa baƙi take wakilta, cikakke: ma'aikata, sana'a, sa'a, ko'ina, 'ya'ya. Manhajojin da ke haɗa shafuka suna sakaya ta ne saboda a cikin umarni ana kewaye wasu bayanai da alamar zance, kuma in alhamzar jama'a ta faɗo tsakiya, na'ura za ta ɗauka an rufe zancen a kan "jama". A cikin zance na yau da kullum ba lallai a sakaya ta ba, amma yawancin manhajoji sun zaɓi riga-kafi, suna yi ko'ina. Suna amfani da lamba ne maimakon &apos; domin HTML na huɗu bai san wannan laƙabin ba, lambar kuwa kowace burauza ta san ta. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ mai lanƙwasa sun rage wa kansu rabin wahalar, ƴaƴa ba ya tsokano kowa.

Sakayawar kanta ba laifi ba ce. In an yi ta daidai, burauza tana warware laƙabin ta nuna maka harafinka, ba za ka taɓa sanin an yi ba. Kuskurena shi ne na yi ta sau biyu. Na sa manhaja ta sakaya rubutun kawu lokacin ajiye shi a rumbun bayanai, alhali tsarin da ke fitar da shafin shi ma yana yin tasa. A zagaye na farko alhamza ta zama &#39;. A na biyu manhaja ta ga & a gaban laƙabin, ta ɗauka zance ne, ta mayar da shi &amp;#39;. Burauza kuwa riga ɗaya take tuɓewa. Ta cire ta sama, ta bar wa dattawa ta ciki.

Abin da daren ya koya mini, kuma nake jayayya a kansa da duk wanda ya ce ba haka ba: a ajiye rubutu yadda mai shi ya rubuta shi, a sakaya sau ɗaya tak, a bakin ƙofar fita, lokacin da ake zuba bayanan cikin fayil ko shafi. Kuma a bar wa manhajar da aka gina don wannan aikin ta yi. Mai son yi da hannu yakan manta cewa & ake fara canzawa; in ya bar ta ƙarshe, sai ya ɓata laƙabin da shi da kansa ya gama rubutawa.

Rashin sakayawar ya fi yin ta sau biyu muni. HTML mai kawaici ne, yakan yi hasashe ya wuce, shi ya sa adireshin da ke ɗauke da &region in aka zuba shi a cikin zance yakan fito ®ion, don burauza ta hango laƙabin &reg a farkonsa. XML ba ya wannan sassauci. An tsara shi ne ya tsaya cak da ya ga kuskure, & guda ɗaya tsirara a sunan wani shago ta isa ta hana fayil buɗewa gaba ɗaya. Kuma XML ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato: takardar Word mai .docx a ƙarshen sunanta tarin fayilolin XML ne a dunƙule. Sai kuma ɓangaren tsaro. In shafi yana karɓar rubutu daga mutane ya nuna shi ba tare da kariya ba, mugu zai iya rubuta umarni a gurbin suna, burauzar duk wanda ya buɗe ta aiwatar. A 2005 wani matashi a Amurka, Samy Kamkar, ya cusa irin wannan umarni a shafinsa na MySpace, kafin kwana ɗaya ya cika abin ya bazu zuwa asusun mutane fiye da miliyan ɗaya.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ma suna da lambobinsu: ƙ ita ce &#409;, ɓ &#595;, ɗ &#599;, alamar naira &#8358;. A da, lokacin da fayiloli da yawa ba sa ɗaukar abin da ya wuce haruffan Turawa, wannan ce mafita. Yanzu da UTF-8 ya game duniya ban ga dalilin yi ba. Harafin ƙ ba umarni ba ne, ba ya rikita kowa, a rubuta shi yadda yake. Na taɓa gadon wani rumbu da aka ajiye kalmar ƙasa a matsayin &#409;asa, duk wanda ya nemi kalmar sai a ce masa babu.

Gyaran manhajar bai kai minti biyar ba, layi ɗaya na goge. Wanke rumbun ne ya kai ni ƙarfe biyun dare, domin duk sanarwar da kawu ya buɗe ya gyara ya sake ajiyewa ta ƙara riga. Na samu wata ta'aziyya mai &amp;amp;amp;#39; a tsakiyarta, alamar bawan Allah ya yi ta fama da ita shi kaɗai kafin ya kira ni. A sanarwa biyu na ƙarshe ma ya haƙura da alhamzar, ya rubuta jamaa da addua. Waɗannan da hannu na mayar musu da ita, ɗaya bayan ɗaya, sannan na tura masa saƙo cewa ya duba in ya dawo daga masallaci.