Ciwon Suga, Hawan Jini da Raunin Mazakuta: Faɗakarwa ga Magidanta a Shanono

Muna jawo hankalin magidanta a ƙaramar hukumar Shanono ga wata matsala da kunya ke hana a faɗa, wato raunin mazakuta. Akan ɗora laifin a kan sanyi ko basir ko sammu, alhali sau da yawa alama ce ta wata cuta da ta daɗe a jiki ba a gano ta ba.

Miƙewar gaba ta dogara ne ga gudanar jini. Ciwon suga yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyi, shi ya sa kimanin rabin maza masu wannan ciwo ke fama da raunin. Hawan jini da shan taba suna ƙuntata hanyoyin. Da yake hanyoyin jini na gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ne ke fara toshewa, har raunin kan bayyana shekaru kafin ciwon zuciya.

Akwai kuma sinadarin testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. Yakan ragu sannu a hankali bayan shekara 40, amma ƙiba, ciwon suga, ciwon ƙoda ko na hanta, da yawan shan Tramadol suna ƙara rage shi. Alamunsa su ne raguwar sha'awa da kasala. Ana tabbatar da shi ta gwajin jini da safe. Yin allurarsa ba da umarnin likita ba yana rage ƙwayoyin haihuwa.

Muna gargaɗi game da maganin ƙarfin maza na kasuwa, domin wasu ana cakuɗa su da sinadarin sildenafil. Idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini kan faɗi farat ɗaya, har ya kai ga rasa rai. Haka kuma, kada mai hawan jini ya daina shan maganinsa don zargin shi ne sanadi. Ya sanar da likita a sauya masa.

Matakin farko shi ne awon jini da suga a asibiti mafi kusa. Awon da ya riƙa kaiwa 140/90, ko suga 126 kafin karin kumallo, yana bukatar kulawa. Idan da hali, akan tura mutum Cibiyar Abubakar Imam ta cututtukan mafitsara ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da limamai su isar da wannan saƙo. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.